Bangon ɗakin karatu da masu zanen gari: abin da unguwar Harlem ta gwada tun 1921

Ran 15 ga watan Oktoba na shekara ta 2024, hukumomin ƙasar nan suka sauke sunan Jean Rouch daga ƙofar gidan al'adu na haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke birnin Yamai, wanda kowa ya sani da suna CCFN, suka ɗora sunan Mustafa Alasan, mai zane kuma mai shirya silima. An kafa gidan nan tun shekara ta 1963. Yana daura da Gidan Tarihi na ƙasa, ya kuma haɗa ɗakin karatu da dandalin wasanni da wurin nuna zane-zane cikin katanga guda. Ɗan lise da ya je aron littafi, ko ma'aikacin da ya leƙa duba jarida bayan tashi daga aiki, yakan bi ta gaban aikin wani mai zane ɗan ƙasa, ya tsaya ya duba ko da bai zo da wannan niyya ba.

Sauya sunan ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 da rufe ofishin jakadancin Faransa a farkon 2024. A watan Maris na 2025 kuma Nijar ta ba da sanarwar fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato OIF, uwar tsarin nan na ƙananan ɗakunan karatu na karkara da ake kira CLAC. Ke nan hannuwan waje da suka daɗe suna tallafa wa littafi da zane a ƙasar nan sun ja baya. Abin da ya rage shi ne tambayar da ta shafi magajin gari da ɗan kasuwa da ma'aikaci baki ɗaya: yaron da aka hore wa hannun zane a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, a wane bango zai rataya aikinsa jama'a su gani? Amsa mafi araha an gwada ta fiye da shekara 100 da suka wuce, a wata unguwar baƙar fata ta birnin Niyok na ƙasar Amurka, kuma labarin ya cancanci a ji shi dalla-dalla.

Ɗakin karatu na titi na 135

A shekara ta 1901 wani hamshaƙin attajiri mai suna Andrew Carnegie, wanda ya yi arzikinsa da masana'antun ƙarfe, ya ba birnin Niyok dalar Amurka miliyan 5 da dubu 200 don a gina ƙananan ɗakunan karatu 65 cikin unguwanni. Ya kafa sharaɗi guda: shi zai biya gini, amma birni ne zai ba da fili, ya kuma ɗauki nauyin albashi da gyara da sayen littattafai. Ɗaya daga cikin ɗakunan nan shi ne na titi na 135 a unguwar Harlem, wanda aka buɗe a shekara ta 1905 da littafi wajen dubu 10.

Sa'ad da aka buɗe shi, galibin mazauna unguwar farar fata ne. Amma daga lokacin yaƙin duniya na farko, baƙar fatar kudancin Amurka suka fara kwararowa biranen arewa, suna gudun dokokin wariya da kisan gilla da talaucin gonakin auduga, suna neman aiki a masana'antu. Wasu kuma suka zo daga tsibiran Karibiyan. Cikin ƴan shekaru Harlem ta zama babbar unguwar baƙar fata, ɗakin karatun kuwa yana nan yadda aka tsara shi don wasu mutane dabam: ma'aikatansa farar fata, littattafansa ba su ce komai ba game da sabbin maƙwabtansa.

A shekara ta 1920 aka naɗa wata mata farar fata, Ernestine Rose, shugabar wurin. Ta lura cewa gidan da mutane ba su ga kansu a ciki ba, ba za su ɗauke shi nasu ba. A shekarar nan ta ɗauki Catherine Latimer, baƙar fata ta farko da ta yi aikin kula da littattafai a ɗakunan karatun birnin, daga baya wasu suka biyo ta. Ta buɗe ƙofa ga mahawara da laccocin dare. A shekara ta 1921 kuma ɗakin karatun ya baje kolin ayyukan masu zane da masu sassaƙa baƙar fata, irinsa na farko a Harlem, aka kuwa ci gaba da yin sa shekara-shekara.

Mai karatu zai fi gane nauyin wannan abu in ya san cewa a zamanin nan manyan shagunan sayar da zane da gidajen tarihi na tsakiyar birni da wuya su rataya aikin baƙin mutum. Mai zane na iya ƙarewa da aikinsa jingine bayan gado, ba wanda ya gani sai iyalinsa. Ɗakin karatu ba ya karɓar kuɗin shiga, ba ya tambayar mutum matsayinsa, kuma mutane suna zuwa da ma don wata buƙata tasu. Abin da ya ba masu zane shi ne bango, da haske, da idon jama'a.

Mai aikin yumɓu

A shekarar da aka fara baje kolin, 1921, wata mata mai suna Augusta Savage ta iso Niyok daga jihar Florida da kuɗin da bai kai dalar Amurka 5 ba. An haife ta a 1892 a garin da ake yin jan bulo, inda yumɓu yake a yalwace, tun tana ƙarama take gina agwagi da sauran dabbobi. Mahaifinta limamin coci ne, yana ganin aikin nata ginin gumaka ne, ya sha dukanta a kai. A Niyok ta samu shiga makarantar Cooper Union, inda ba a biyan kuɗin karatu, amma ci da haya suka zame mata matsala.

Ma'aikatan ɗakin karatu na titi na 135, inda take zuwa duba littattafan fasahar Afirka, su ne suka nema mata aikinta na farko na kuɗi: siffar kai da kafaɗun W.E.B. Du Bois, babban malamin nan mai fafutukar ƴancin baƙar fata, wanda daga baya ya koma Gana ya rasu a Akara a 1963. Aikin ya fito da sunanta, har aka ba ta na Marcus Garvey. A 1923 aka zaɓe ta zuwa wani horon damina a Fontainebleau ta ƙasar Faransa, amma da kwamitin Amurkawa masu zaɓen suka gane baƙa ce, sai suka soke sunanta. Ba ta yi shiru ba, ta kai maganar jaridu. Sai a 1929 ta samu tallafi ta tafi Paris. Da ta komo ta buɗe makarantarta a Harlem a 1932, a 1937 kuma aka ba ta shugabancin cibiyar koyar da fasaha ta unguwar.

Ƙarshen labarinta kuwa akwai abin lura. Don babban baje kolin duniya na Niyok na 1939, aka ba ta aiki, ta gina wata siffa mai tsawon kusan mita 5, kamar gurmin Turawa mai tsirkiya da yawa, mawaƙa 12 a tsaye su ne tsirkiyoyin. Jama'a suka yi ta tururuwar kallo. Sai dai da farin garin gini maras ƙarko ta yi shi, don babu kuɗin zuba shi da tagulla, babu kuma wurin ajiya. Da aka tashi baje kolin, katafila ta bi ta kansa. Shagon sayar da zanen baƙar fata da ta buɗe a shekarar nan ta 1939 ya rufe cikin ƴan watanni. Ta koma ƙauye tana kiwon kaji, ta rasu a 1962. Abin da ya tsira daga ayyukanta, kaso mafi yawa yana hannun cibiyar da ta gaji ɗakin karatun da ya ba ta aikin farko.

Akawun banki da ma'aikacin gwamnati

Mutum na biyu da ya sauya wurin ba mai zane ba ne. Arturo Schomburg, haifaffen tsibirin Puerto Rico a 1874, ma'aikacin banki ne a sashen wasiƙu. Ana ba da labari cewa tun yana lakwal wani malami ya ce masa baƙar fata ba su da tarihi. Ya shafe shekaru yana tsimi daga albashinsa yana sayen tsofaffin littattafai da takardun hannu da hotunan ɗab'i da suka shafi baƙar fata, har gidansa ya cika. A watan Mayu na 1925 ɗakin karatun ya buɗe sashe na musamman na adabi da tarihi da hotunan baƙar fata, a 1926 kuma gidauniyar Carnegie ta ba da dalar Amurka dubu 10 aka sayi tarin Schomburg aka kawo wurin. Shi kansa ya riƙe sashen daga 1932 har rasuwarsa a 1938. Yau wurin ya zama cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa, tana ajiye da abubuwa fiye da miliyan 10.

Da tattalin arzikin Amurka ya karye bayan 1929, gwamnatin shugaba Roosevelt ta fito da wani tsari a ƙarshen 1933 na biyan masu zane albashin mako don su ƙawata gine-ginen jama'a. Ƙarƙashin tsarin nan ne Aaron Douglas ya yi wa ɗakin karatun manyan zane-zane 4 a shekara ta 1934. Na farko ya nuna rayuwa a Afirka da rawa da ganga. Sauran suka bi ta kan bauta, da ƴanci da abin da ya biyo bayansa a kudu, har zuwa isowa birni mai dogayen benaye. Wanda bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, in ya ɗaga kai ya karanta tarihin kakanninsa a bango. Zane-zanen suna nan a cibiyar har yau. Ɗakin ƙasa na ginin ma bai zauna banza ba: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Du Bois ta yi wasa a ciki a 1926, a 1940 kuma aka kafa wata ƙungiyar a nan, wadda Sidney Poitier da Harry Belafonte suka fara koyon sana'a a cikinta.

Yaron da ya zana ƙaura

Wanda ya fi kowa cin moriyar haɗa littafi da zane wuri guda shi ne Jacob Lawrence. An haife shi a 1917, iyayensa ƴan ƙaura ne daga kudu, ya iso Harlem a 1930 wajen mahaifiyarsa. A farkon shekarun 1930 yana zuwa darasin zane da Charles Alston ke koyarwa cikin ɗakin karatun na titi na 135. Bai gama sakandare ba. Makarantarsa ta gaske ita ce tarin Schomburg, inda yake zama yana karatu yana rubutu kafin ya ɗauki buroshi. Daga nan ya fito da alluna 41 a kan Toussaint Louverture, jagoran juyin juya halin bayin Haiti, ya gama su a 1938. Augusta Savage ce ta kama hannunsa ta kai shi aka ɗauke shi cikin tsarin gwamnati na biyan masu zane.

A 1940 ya samu tallafin dalar Amurka 1500, ya kama hayar ɗaki, ya fara aikin da ya ɗaukaka shi: labarin ƙaurar baƙar fata daga kudu zuwa arewa, cikin alluna 60. Watanni ya yi a ɗakin karatu yana tattara bayani daga littattafai da tsofaffin jaridu. Allunan ƙanana ne, wajen santimita 30 da 45, na katako mai araha, fentin ma mai araha. Ya jera su duka 60, yana shafa launi guda a kan dukkansu kafin ya koma wani launi, don kada wani allo ya saɓa da ɗan'uwansa. Ƙarƙashin kowane allo akwai jimla guda mai bayani, wadda abokiyar aikinsa Gwendolyn Knight, da ta zama matarsa, ta taimaka wajen rubutawa. Ga tashar jirgin ƙasa cike da mutane da ƙunshin kaya, ga gonar da ƙwari suka cinye, ga ɗakin haya da mutane ke kwana a cunkushe, ga mai karanta wasiƙar ɗan'uwa da ya riga ya tafi. Duk wanda ya san tafiya ci-rani zuwa Kano ko Ikko ko Abijan zai gane hotunan nan ba sai an yi masa tafinta ba.

A watan Nuwamba na 1941 mujallar ƴan kasuwa ta Fortune ta buga 26 daga cikin allunan, wani babban shagon zane na tsakiyar birni kuma ya nuna su duka. A 1942 gidajen tarihi biyu suka raba su: MoMA na Niyok ya ɗauki masu lamba cika, Phillips na Washinton ya ɗauki masu lamba mara. Yana da shekara 23 ya gama aikin. A 1962 ya zo Najeriya nuna zanensa bisa gayyatar ƙungiyar Mbari ta Badun, wadda marubuta da masu zane suka kafa a 1961 a gefen kasuwar Dugbe, ita ma da ɗakin karatu da wurin nuni a haɗe. Ya komo a 1964 ya zauna watanni yana zana kasuwanni.

Bango kaɗai ba ya ciyar da mutum

Labarin Harlem ya nuna abu uku da ɗakin karatu ke iya yi wa mai zane: ya ba shi bango, ya ba shi abin karantawa don aikinsa ya yi zurfi, ya kuma rubuta sunansa ya adana. Labarin Augusta Savage kuwa ya nuna iyakar abin. Kallo ba ya biyan haya, kuma aikin da ba a saya ba, ba a tanadi wurin ajiyarsa ba, ƙarshensa bola.

Wasu ƙasashe sun nemi maganin wannan ta hanyar ba da aron zane kamar yadda ake ba da aron littafi. A birnin Balin na Jamus an buɗe irin wannan wuri a 1968. A Faransa, daga farkon shekarun 1980, ma'aikatar al'adu ƙarƙashin Jack Lang ta tallafa wa birane su kafa irinsu, da yawa kuma cikin ɗakunan karatu na birni suke, kamar na Lyon da Grenoble. Tsarin mai sauƙi ne: ɗakin karatu ya sayi aikin daga hannun mai shi, mai katin aro ya ɗauka ya rataya a gida ko ofis ko kanti na wasu makonni, ya maido ya ɗauki wani. Mai zane ya samu kuɗi, aikin ya shiga gidajen da ba za su taɓa saye ba, wani lokaci kuma mai aro ya saba da shi har ya je neman mai zanen.

Yadda abin yake a Nijar

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga haɗa mai sana'a da gidan ilimi. Gidan Tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yau ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya ware wa maƙera da dukawa da masaƙa wurin aiki a cikin harabarsa, baƙo ya ga ana yi, ya saya daga hannun mai yi. Mustafa Alasan kansa, haifaffen Ndunga a 1942, da zane ya shiga cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch. Daga nan ya kai ga shirya silimar zane mai motsi, har ɗaya daga cikinsu, wadda kwaɗi ne ƴan wasanta, ta samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Ya ƙare rayuwarsa ta aiki a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Sai dai galibin waɗannan ƙofofi a Yamai suke. A sauran garuruwa mai zane ya fi samun bango a shagon aski, ko bayan babbar mota, ko allon kanti, inda ba a sa sunansa. Dukawan Damagaram, da masu ginin tukwanen Mirya, da masu saƙar tabarmin Madawa, da maƙeran azurfar Agadas, da masu zanen fuskar gidaje a Birni da Zango, da alarammomi masu zayyanar allo, duk aikinsu na fita kasuwa ya wuce, mai saye ya san farashi bai san hannun da ya yi ba.

Ta ɗaya gefen kuma ɗakunan karatu suna fama da tasu cutar. Manyan da suka iya karatun boko a ƙasar nan ba su kai 4 cikin 10 ba, littattafan da ke kan katakai kuwa mafi yawansu na Faransanci ne. Talaka na ganin wurin na ƴan lakwal ne, ko na Nasara. Ran 16 ga Janairu na 2015, lokacin zanga-zangar nuna fushi da jaridar Charlie Hebdo, aka banka wa reshen CCFN na Damagaram wuta, ɗakin littattafansa ya ƙone. Waɗanda suka yi asarar kuwa ɗaliban garin ne da ke karatu a wurin. Abin da Ernestine Rose ta gane a 1920 ya shafi nan ma: gidan da unguwa ta ga aikin ƴaƴanta a bangonsa, yana da masu kare shi.

Dandaji

Akwai wurin da aka gwada wata hanya, a ƙauyen Dandaji na jihar Tawa. Tsohon masallacin Juma'ar garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin nan na Yama wanda masallacin da ya fara ginawa a garinsu a 1962 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da masallacin Dandaji ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, aka yi tunanin rushe shi. Masu tsara gini biyu, Mariyam Isufu Kamara ƴar ƙasar nan da Yasaman Esmaili haifaffiyar Iran, suka ba da wata shawara: a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1000 da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka nemo maginan da suka yi aikin farko suka sa hannu a gyaran. An gama a 2018, aka raɗa wa wurin suna Hikma, ya kuma samu lambar azurfa ta duniya ta gidauniyar LafargeHolcim a shekarar nan.

A Dandaji ginin kansa shi ne aikin da ake nunawa. Yaron da ke karatu a ciki, in ya ɗaga kai, bakan gizo da tulluwar maginin ƙasarsu yake gani. Manomin da ya yi sallah a wurin shekara da shekaru ba ya jin baƙunta in ya shiga, matan gari ma sun samu wurin darasin yaƙi da jahilci.

Abin da ake buƙata

Nunin aikin ƴan gari a ɗakin karatu ba ya neman sabon gini. Yana neman bango mai fenti, da katako siriri da za a kafa sama don rataya ba tare da huda bango ba, da akwati mai gilashi mai kulle don ƙananan kaya, da kariya daga ƙurar hunturu da gara da yoyon damina. Yana neman ƙa'ida a rubuce: wa ke zaɓen aiki, mako nawa zai yi, wa ke biya in ya lalace ko ya ɓace. Ya fi kyau zaɓen ya zama a hannun ƙaramin kwamiti da ke sauyawa, don kada bangon ya koma na ɗan'uwan shugaba. Ciniki kuwa tsakanin mai aiki da mai saye ne kai tsaye. Ɗakin karatu ba dillali ba ne.

Akwai batun da ba za a kauce masa ba. Malamai da dama suna ƙyamar sassaƙa ko zana siffar mai rai, kuma shugaban ɗakin karatu a Maraɗi ko Damagaram dole ya san da haka. Amma zayyana, da rubutun hannu, da ɗinkin riga da hula, da aikin fata, da sassaƙar ƙwarya, da zanen dagi a bango, sun isa cika shekara guda ta nuni ba tare da an taɓa wannan gardama ba, sauran kuma magana ce ta shawara da mutanen gari. Tun da kundin sabunta ƙasa na watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, babu abin da zai hana a rubuta bayanin kowane aiki da Hausar boko da ta ajami.

Rabon nauyin ma Harlem ta nuna shi: attajiri ya biya gini, birni ya biya albashi, akawu ya kawo tarinsa, gwamnati ta biya mai zane. Alhajin da ke gina masallaci da rijiya zai iya sayen aiki biyu ko uku daga kowane nuni ya bar wa ɗakin karatu, ma'aikatar magajin gari kuma ta ware ƴan jikkuna cikin kasafin shekara. Mafi araha cikin duka shi ne babban littafi mai ƙarfin bango, inda za a riƙa rubuta sunan mai aiki, da garinsu, da wanda ya koya masa, da shekarar da ya yi aikin, a liƙa hotonsa a gefe. An san Falke Barmu a duniya don an rubuta sunansa tun yana raye. Tsofaffin maginan da suka zana fuskar gidajen Birnin Damagaram suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, siminti na cin bangayensu kowace shekara, waɗanda suka rage kuwa har yanzu ana iya zuwa ƙofar gidansu a tambaye su.